Idon uwaye cikin motar ɗiya

A yawancin jihohin Amurka, yaro na iya samun farmin tuƙin mota tun yana da shekara 16. Ranar farin ciki ce gare shi, amma ga uwayensa ranar fara zullumi ce. Ƙididdigar ƙasar ta nuna cewa, in an auna da tsawon tafiya, matasa masu shekara 16 zuwa 19 sun ninka manya kusan sau 3 wajen shiga haɗarin da ake rasa rai. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta bayyana cewa haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Dalilan sanannu ne: ƙarancin gwaninta, gudun wuce kima, tafiyar dare, da abokai cike da mota suna zuga.

Wannan ne ya sa masu ƙera motoci suka shiga neman dabara. A 2009 kampanin Ford ya fito da MyKey, wani makulli na musamman da uba ke ba ɗansa: in da shi aka tada mota, gudunta ba ya wuce wajen kilomita 130 a awa, rediyo kuma na yin shiru har sai an ɗaura ɗamarar kujera. Kampanin General Motors ya biyo baya da Teen Driver cikin motar Chevrolet Malibu ta 2016, wadda ke ajiye rahoton nisan da aka yi da gudu mafi yawa da aka kai. Akwai kuma manhajar salula irin Life360, mai nuna inda yaro yake ta hanyar tauraron ɗan Adam.

To, amma shin na'ura kaɗai tana gyara hali? Wani bincike da aka buga a Amurka a 2013 ya ba da amsa. An raba matasa sababbin shiga tuƙi kashi biyu. Kashi na farko, fitila ce kawai ke kunnuwa cikin mota in sun taka birki da ƙarfi ko sun sha kwana da gaggawa. Kashi na biyu kuwa, ban da fitilar, ana aika wa uwayensu rahoto da hotunan abin da ya faru. Na farko ba su sake hali ba. Na biyu ne suka rage ganganci. Ashe ba fitila yaro ke jin nauyi ba, idon mahaifinsa ne.

Nan ne gizo ke saƙa. Uban da ya sayi na'ura, sa'an nan bai duba rahoto ba, bai zauna da ɗansa ba, ya zubar da kuɗɗinsa a banza. Wanda kuma ya saka ta a ɓoye, ranar da asiri ya tonu amana ta ɓaci, yaro sai ya koyi barin salularsa gidan aboki ya yi gaba. Abin da ya dace shi ne a shaida masa tun farko, a yi yarjejeniya a kan gudu da lokacin komowa gida, a riƙa sassauta sa ido gwargwadon yadda hankalinsa ya nuna.

Faransa ta daɗe da bin wata hanya: tun daga shekara 15 yaro na iya koyon tuƙi, babba na zaune gefensa, har su cika kilomita 3000. Na'ura na faɗin inda mota take da gudun da ta yi, amma ba ta koya wa yaro haƙuri bayan babbar mota, ko tausayin mai tafiya ƙasa. Wannan aikin uwaye ne, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwasa shi. Allah shi kiyaye hanya.