Hukuncin Riƙon Feshin Barkono a Daji

Ya ku malamai da almajirai, ku sani a ƙasar Kanada akwai dabbar da Larabawa ke ce wa dubbu, ƙarfinta ya fi na kura nesa. Mai shiga dajinta yakan rataya gwangwanin ruwan barkono. In ta taso masa sai ya fesa mata a ido da hanci, ta juya, ba a zub da jini ba. Dokar Kanada ta yarda da wannan domin dabba, amma wanda ya riƙe shi domin ɗan Adam ya yi laifi. A Amurka kuwa, masu tsaron dajin Yellowstone suna ba baƙo shawara ya riƙe shi. Na Yosemite sun hana, can inda babbar dubbu ta ƙare tun shekarun 1920.

Mu dai mun ga wannan shi ne daidai. Wanda ya hana shi ko'ina ya bar matafiyi hannu wofi, ko ya tura shi ga bindiga. Wanda ya sake shi ko'ina ya miƙa wa ɗan fashi makami cikin kasuwa. Lalle hukunci ya bi wuri da niyya. Matafiyi kuma ya tambayi dokar daji tun bai shiga ba.