Kasada Daban, Caca Daban: Matasa A Yi Hattara

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Cututtuka biyu ne suke cin matasan ƙasar nan, kuma kowace ta sami suna mai daɗi ta yafa. Ta farko ita ce ragwanci wanda aka laƙaba wa suna haƙuri. Za a ga saurayi majiyin ƙarfi ya gama makaranta shekara biyar, ya naɗe takardunsa cikin leda, kullum yana bakin titi kan benci yana jiran wani ɗan siyasa ya samo masa aikin gwamnati. In aka ce ya kama sana'a sai ya ce yana tsoron asara. Ta biyu kuwa ita ce caca wadda aka laƙaba wa suna kasada. Shi wannan ba ya tsoron asara ko kaɗan, domin kuɗin makarantar ƙanensa ma ya zuba a shagon cacar ƙwallo, wai shi namiji ne mai zuciya. Dukkansu biyu an yaudare su, kuma masu yaudarar suna nan suna ƙiba da guminsu.

Ya kamata a fara da tambayar me ake nufi da kasada, tunda ’yan damfara sun sace kalmar. Kakannin Hausawa sun san ta tun kafin a haifi masu waɗannan shaguna. Fataken da suke tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja suna ɗaukar kanwa da fata da tufafin rini a kan jakuna, su tsallake Kwara, su ratsa Bargu inda ’yan fashi suke tare hanya, su biya kuɗin fito da na sarakunan da suka bi ta ƙasarsu, har su isa Salaga su sayo goro. Tafiya ce ta watanni. Goro kuma kaya ne mai lalacewa, sai an riƙa kwance huhu a hanya ana tsince wanda sankara ta kama, ana yayyafa ruwa. Wasu sun dawo da riba, wasu sun dawo hannu rabbana, wasu kuma ba su dawo ba sam. Amma babu falken da ya fita shi kaɗai da ka. Akwai madugu wanda ya san hanya da rijiyoyinta, akwai jagaba, akwai lokacin tashi da aka sani, akwai masu masauki a kowane zango. Sun san kayansu, sun san kasuwarsu, sannan suka miƙa sauran lamarin ga Allah. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, ba su zauna suna kuka ba, suka bazu zuwa Kumasi da Kete Krachi da Ankara suka kafa sabbin zanguna.

Daga cikin irin waɗannan mutane Alhassan Ɗantata ya fito. An haife shi a Bebeji, ya tashi cikin fataucin goro, kuma yana cikin waɗanda suka bar tsohuwar hanyar jakuna suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Legas. Da jirgin ƙasa ya fara aiki zuwa Kano a 1912, Turawan mulkin mallaka auduga suke buri domin masaƙun Ingila, amma manoma da ’yan kasuwar Kano suka duba farashi suka ga gyaɗa ta fi, suka karkata can. Ɗantata ya zuba dukiyarsa cikin sayen gyaɗa, kuma a lokacin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Da farashi ya karye a farkon lamarin, da ya yi babbar asara. Wannan ita ce kasada: mutum ya sa abin hannunsa da ƙarfinsa cikin aikin da ya sani, mai amfanar jama’a, alhali bai da tabbacin yadda za ta kaya.

Haka lamarin yake a fagen ƙirƙira. A shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya tsuke, manyan kamfanonin ɗab’i suka ja baya ga buga littattafan Hausa, sai wasu matasa maza da mata a Kano da kewaye suka tara ’yan kuɗaɗensu suka kai rubutunsu ƙananan maɗaba’u, suka ɗauki littattafan da kansu suka bi kasuwa da tashar mota suna nema musu masaya. Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suna cikinsu. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, ba tare da sanin ko akwai mai saye ba. Ko mutum ya yarda da duk abin da ke cikin waɗannan littattafai da finafinai ko bai yarda ba, kuma akwai abin gyara da yawa, gaskiya ɗaya ba ta musuntuwa: sun mayar da dubban mutane masu karanta Hausa, sun buɗe sana’ar da ta ciyar da gidaje. Masu zama gefe suna la’antar abin da wasu suka rubuta, su me suka rubuta? Matashin da yake da ilimi da tarbiyya da baiwar alƙalami, amma tsoron a yi masa dariya ya hana shi fitar da ko shafi goma, shi ne ya bar fagen ga wanda ba shi da ko ɗaya.

To, a kwatanta wannan da abin da ake sayar wa matasa yau da sunan kasada. A 2016 shirin MMM, wanda wani ɗan Rasha mai suna Sergei Mavrodi ya ƙirƙira, ya yi wa ’yan Nijeriya alƙawarin ribar kashi 30 cikin 100 kowane wata. Mai hankali ya ɗauki alƙalami ya lissafa: Naira 100,000 a kan wannan riba za ta haura Naira miliyan 2 cikin shekara guda. Wace gona ce take haihuwa haka? Wane shago ne a Kantin Kwari? Babu kaya, babu ciniki, kuɗin sabon shiga ake ba tsohon shiga, ranar da sababbi suka ragu sai ginin ya rushe. A watan Disamba na 2016 aka rufe asusun mutane, miliyoyin jama’a suka tafka asara. An ɗauka wannan ya isa darasi, sai ga shi a watan Afrilu na 2025 wani mai suna CBEX, wanda ya yi alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ya rufta da dukiyar mutane ta hanya iri ɗaya. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Cacar ƙwallo kuwa ba ta ma buƙatar ta gudu, domin an gina ta ne yadda mai shago ba zai faɗi ba. Misali, ƙungiyoyi biyu masu ƙarfi ɗaya, a ba kowace 1.90. Mutum biyu su zuba Naira 1,000 kowanne a ɓangarori biyu, kamfani ya karɓi 2,000, ya biya wanda ya ci 1,900, ya soke 100 a aljihu ko wa ya yi nasara. Kashi 5 cikin 100 ke nan a wasa ɗaya. Yaron da ya jera wasanni 10 a takarda ɗaya yana mafarkin miliyan, wannan kason yana ninkuwa a kansa har ya kai kusan kashi 40 cikin 100. Wato tun kafin a busa usur an riga an yanke kusan rabin kuɗinsa. Ina jarumtaka a nan? Wannan ai kai wuya ne ga mahauci. Ba banza ba Alƙur’ani mai girma, a cikin Suratul Ma’ida, ya jera caca tare da giya cikin ƙazantar aikin Shaiɗan, wal iyazu billahi.

Irin wannan ce tafiyar da ake yi da rai a tafin hannu cikin motar ’yan fasa-ƙwauri ta Sahara. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da ƙananan yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Falken da yana da madugu mai amana wanda zai amsa tambaya in an dawo gida. Direban da ya karɓi kuɗinsa tun a Agadas ko Arlit, wa zai tuhume shi?

Sai dai kada ragon benci ya ji wannan ya yi murna, ya ce ai shi ya tsira. Bai tsira ba. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 34 cikin 100, ma’ana kuɗin da aka ɓoye ƙarƙashin katifa shekara guda ya rasa kusan rubu’in abin da zai iya saye. Shekarun ƙuruciya ma haka suke zagwanyewa. Mai jiran gawon shanu yana asara kullum, bambancin kawai tasa ba ta da ƙara. Kuma zomo ba ya kamuwa daga zaune. In ya ce ba shi da jari, gaskiya ne jari ya yi wuya, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Amma koyon gyaran waya a Farm Centre, ko ɗinki, ko walda, ko bin ubangida a Dawanau har a san hatsi, abin da suke ci shi ne girman kai da shekara biyu ko uku na juriya. Wannan jarin kowane saurayi yana da shi, kunyar a ga mai digiri da baƙin mai a hannu ce take hana shi kashewa.

Addini bai bar wannan fage babu shiriya ba. Ya zo a hadisi cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah (S) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi ya ɗaure sannan ya dogara. Abdurrahman bin Auf (RA) ya isa Madina ba shi da komai, Sa’ad bin Rabi’ (RA) ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya yi godiya ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Ya fara da cuku da man shanu, ba a jima ba ya yi aure da sadakin zinare mai nauyin ƙwallon dabino. A nan akwai darasi ga samarin da suka haura talatin suna cewa ba za su yi aure ba sai sun gina gida sun sayi mota, da iyayen da suka mayar da lefe shingen ƙaya. Aure ma kasada ne, babu wanda aka ba takardar tabbacin arzikin gobe, amma wanda yake da sana’a da ɗaki da niyyar riƙon amana ya ɗaure raƙumarsa.

Masu hannu da shuni su ma ba za su kuɓuta daga zargi ba. Shari’a ta tanadi ƙiradi, har Imamu Malik ya ware masa babi a Muwaɗɗa: mai dukiya ya ba da jari, mai ƙarfi ya yi aiki, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya, rabi ko sulusi. In asara ta zo ba tare da sakaci ko ha’inci ba, mai dukiya ya rasa kuɗinsa, mai aiki ya rasa wahalarsa. Kowa ya ɗauki rabonsa na haɗari, saɓanin mai ba da bashi da ruwa wanda yake son riba ba tare da ya taɓa ɗanɗana asara ba. Nana Khadija (RA) dukiyarta ta ba amintacce ya tafi da ita Sham. Yau kuwa attajiri zai kashe miliyoyi a bikin kwana uku, amma ɗan maƙwabcinsa mai gaskiya ya nemi jarin injin ɗinki ya ce yaran zamani ba su da amana. In wasu sun ci amana, maganin shi ne a rubuta yarjejeniya a kafa shaidu, kamar yadda aya mafi tsawo a Alƙur’ani ta yi umarni game da bashi. Rufe hannu gaba ɗaya tura yaran ne wajen mai shagon caca.

Saboda haka duk matashin da aka kawo wa wata harka, ya auna ta da tambayoyi kaɗan. Mene ne kayan da ake sayarwa, kuma wa yake saye? Daga ina ribar take fitowa, daga ciniki ko daga aljihun wanda ya shigo baya? Shin ya san aikin, ko ya zauna da wanda ya sani? Abin da zai zuba nasa ne, ko amanar wani ce, ko sadakin matarsa, ko bashi mai ruwa? In ya rasa shi duka, gidansu zai ci abinci gobe? In amsoshin sun yi kyau, ya yi shawara, ya yi istihara, ya shiga da ƙarfinsa ba tare da waiwaye ba. In kuma ta faɗi, kada ya ɗora wa maƙiya ko sammu, ya zauna ya duba inda lissafi ya kuskure ya sake tashi, domin babu ɗan kasuwar kirki da bai taɓa karyewa ko ya kusa ba. Wanda kuwa aka ce masa riba tabbas ce babu asara, to ya riƙe aljihunsa ya yi gaba, ya kuma gargaɗi abokansa.

Allah Ya ba matasa zuciyar nema da basirar rarrabewa, Ya tsare su daga ragwanci da kwaɗayi, Ya sanya albarka cikin guminsu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.