Fasfo Ba Ya Koyar da Turanci

Jami'o'in Saudiyya da dama suna da shekarar share fage, inda ɗalibi ke koyon Turanci kafin ya shiga likitanci ko injiniyanci. Malamai da yawa baƙi ne, kamfanonin kwangila ke ɗauko su. Abin takaici, galibi fasfo ake dubawa kafin ilimi: ɗan Ingila ko Amurka ya fi ɗan Gana ko Sudan albashi, alhali aikinsu ɗaya. Wannan ba adalci ba ne. Gyaran dokar ƙwadago na 2021 ya sauƙaƙa wa baƙo sauya wurin aiki, amma bai taɓa wannan bambanci ba. 'Yan'uwa masu haramar tafiya, ku tantance albashi, masauki, tikiti da wanda zai ɗauki nauyin iƙamarku kafin ku sa hannu.