SHAFIN IYAYE: Ruwa Ba Abokin Wasan Yara Ba Ne

 Ga damina ta yi nisa, koguna sun cika, makarantu kuma sun ba da dogon hutu. A wannan wata ina so mu yi magana a kan yaranmu da kogi, gama akwai abin da ya faru da ni bara wanda har yau yana damun zuciyata.

Makarantar da nake koyarwa tana kusa da Kogin Binuwai. Wata ranar Jumma'a, da aka tashi, na ga yara huɗu na ajina sun nufi bakin ruwa, kowa yana rataye da robar cikin tayar mota, wadda ake kira tub, sun sha iska sun yi tim. Na san abin da za su yi. Sukan haura sama da gari, su hau robar, ruwa ya gangaro da su har mashigin kasuwa, suna ihu suna murna. Na gan su da idona, amma na ce a raina, "Ai 'ya'yan bakin kogi ne, sun iya ruwa." Na wuce gida abina.

Kafin magariba labari ya iso. Ruwa ya kai ɗaya daga cikinsu, yaro ɗan shekara 10, cikin rassan wani itace da ambaliya ta kayar. Reshe ya huda robar, ruwa ya danne yaron a ƙarƙashin itacen. Da ba don Allah ya kawo wani masunci da ke gyaran komarsa kusa da wurin ba, da yau muna wani zance dabam. Yaron ya kwana uku a asibiti. Sa'ad da na je dubiya, mahaifiyarsa ta ce mini, "Malam, ban ma san yana zuwa kogi ba." Na rasa bakin magana, gama ni na sani, ban kuwa faɗa ba. Wannan shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kada mu ɗauka abin ƙarami ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutane wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuwa yara ne da ba su kai shekara 5 ba. A shekarar 2021 ɗin kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 25 ga Yuli ta zama ranar faɗakarwa a kan nutsewa a ruwa. Mu ma nan gida ba mu manta ba. Ran 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, mutane aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta. A watan Yuni 2023 kuma wani jirgi ya kife da dare a Kogin Kwara, wajen Fategi, da mutanen da ke komowa daga biki, fiye da 100 suka halaka. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Wannan wasa na hawan roba ba yaranmu kaɗai ke yinsa ba. A Amurka iyali kan fita takanas lokacin zafi su hau roba, ko wani ɗan siririn jirgi da ake kira kayak, wanda asalinsa na mafarautan ƙasashen ƙanƙara ne na can arewacin duniya. Amma a can doka ta tilasta ƙananan yara su sa rigar kariya muddin jirgi yana tafiya. Mu namu yaran suna shiga ruwan da ya fi wancan ƙarfi, daga su sai gajeren wando.

Me ya sa kogi ya fi tafki hatsari? Domin kogi ba ya tsayawa, ba ya kuma zama kamar yadda ka bar shi jiya. Ana iya yin ruwan sama can nesa a kan duwatsu, nan wurinku rana tana haske, amma cikin sa'o'i kaɗan ruwa ya ƙaru. Mu mazaunan bakin Binuwai mun san yadda kogi yake tashi idan aka saki ruwan dam ɗin Lagdo na ƙasar Kamaru, mun kuwa ga ambaliyar 2012 da ta 2022. Wurin da yaro ya taka ƙasa da rani, da damina ya sha kan babba. Masu haƙar yashi kuma sukan bar ramuka a ƙarƙashin ruwa waɗanda ido ba ya gani. Itacen da ya faɗi cikin kogi kamar rariya yake, ruwa yana wucewa ta tsakanin rassa, amma mutum ba ya wucewa. Haka kuma gindin gada da ƙasan dam, inda ruwa yake juyawa yana mai da abu baya. Robar taya kuwa ba ta da linzami. Inda ruwa ya ga dama nan yake kai ta. Tana da santsi, tana kifewa, tsohon faci kuma yana iya buɗewa a tsakiyar kogi.

Akwai wani abu da iyaye da yawa ba su sani ba. Yaron da ruwa yake ci ba ya ihu. Bakinsa yana nutsewa yana fitowa, ba shi da numfashin da zai yi kira da shi. Abokansa na iya zaton wasa yake yi. Idan kuwa ƙwaƙwalwa ta rasa iska na minti 4 zuwa 6, ta soma lalacewa ke nan. Wato kafin mace ta gama ɗauraye kwanuka biyar a bakin rafi, aikin gama ya gama.

To, me za mu yi? Hana yaro ganin kogi ba zai yiwu ba ga wanda gonarsa ko makarantarsa take ƙetare. Ga shawarwarina.

1. Kada yaro ya je ruwa sai da babba, babban kuma ya zama aikinsa ke nan, wato kallo. Mai wanki ko mai duba waya ba mai tsaro ba ne. Kada a ɗora wa yarinya 'yar shekara 9 tsaron ƙannenta a bakin kogi. Ƙaramin yaro kuwa, a tsaya inda hannu zai kai gare shi.

2. Daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ya yi ja yana ɗauke da itatuwa da ciyayi, babu hawan roba ko kaɗan. Ku faɗa musu dalili, kada ku tsaya ga bulala kawai. Yaron da aka doka ba a bayyana masa ba, ɓoyewa zai koya.

3. Rigar kariya ga kowane yaro da zai shiga kwalekwale. A sami daidai jikinsa, a ɗaure ta sosai. A gwada ta haka: a kama kafaɗun rigar a ɗaga sama, idan ta zame ta rufe masa kunnuwa, ta yi masa yawa. Roba, da gora, da jarka ba su maye gurbinta, gama waɗannan sai an riƙe su, hannun da ya gaji kuwa saki yake yi.

4. Kada ku shiga jirgin da aka cika fiye da kima, ko wanda ruwa yake shiga ta gindinsa. Kada ku ƙetare da dare ko sa'ad da hadari ya haɗu. Gara ku rasa kasuwa ko ɗaurin aure da ku rasa ɗa. Yara su zauna a ƙasan jirgi a tsakiya, ba tsayuwa, ba leƙe.

5. Kada a ɗaure yaro da igiya a jikin roba ko jirgi. Idan abin ya kife, igiyar ce za ta riƙe shi a ƙarƙashin ruwa.

6. A koya wa yara iyo da rani, a wuri marar zurfi, a hannun wanda ya iya. A koya musu kuma cewa in ruwa ya kwashe mutum, kada ya yi kokawa da shi. Ya kwanta rigingine, ƙafafu suna gaba, ya riƙa karkatawa zuwa gaɓa kaɗan kaɗan. Ku nemi shawarar Sarkin Ruwa da masunta, su ne suka san inda zurfi yake da inda dorina take kwana.

Idan kuwa tsautsayi ya auku, kada yaro ya faɗa ruwa don ceton abokinsa. Sau da yawa gawa biyu ake fitarwa maimakon ɗaya, domin mai nutsewa yana ƙanƙame duk wanda ya zo kusa. Ya yi kururuwa, ya miƙa doguwar sanda yana kwance a gaɓa, ko ya jefa jarka marar kome a ciki wadda aka rufe bakinta. In an fitar da yaro ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci ana juya shi ƙafa sama ko ana matsa cikinsa wai a fitar da ruwa. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska baki da baki har ƙirjinsa ya taso. Sa'an nan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa har ya farfaɗo ko taimako ya zo. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa lau, tilas a kai shi asibiti, gama huhu na iya kawo matsala bayan sa'o'i. Har wa yau, yaron da ya saba wanka a rafi, in kun ga jini a fitsarinsa, tsargiya ce. Tana da magani a asibiti, ba alamar girma ba ce kamar yadda waɗansu suke cewa.

Na san wani zai ce, "Malam, in kwana ya ƙare ai babu makawa." Wani kuma zai ce mutanen ruwa ne suke karɓar rabonsu kowace shekara. Mu masu bi ba mu jin tsoron iskokin ruwa, gama Ubangijinmu ne ya yi kogi, iska da raƙuman ruwa kuma suna yi masa biyayya. Amma bangaskiya ba sakaci ba ce. Ku buɗe Fitowa sura 2 ku karanta tare da iyalinku. Mahaifiyar Musa ta dogara ga Allah ƙwarai, duk da haka ba ta jefa ɗanta cikin Kogin Nilu haka kawai ba. Ta shafe kwandon don kada ruwa ya shiga, ta ajiye shi cikin ciyayin bakin gaɓa, ba a tsakiyar igiyar ruwa ba, yayarsa kuma ta tsaya tana kallo. Ta yi nata, Allah kuwa ya yi nasa. 'Ya'ya amana ce, za mu kuwa ba da lissafinta.

Ina roƙon dattawan ikilisiya, da Zumuntar Mata, da shugabannin matasa, ku sa wannan magana cikin taronku na wannan wata. Ikilisiyar da take bakin kogi tana iya yin baiko na musamman ta sayi rigunan kariya ko da goma ne, a ajiye a mashigi domin 'yan makaranta, na Kirista da na Musulmi duka, gama ruwa ba ya tambayar addinin kowa. A gayyaci ma'aikacin asibiti ya nuna yadda ake hura numfashi. Kai kuma maƙwabci, in ka ga yaron wani ya nufi kogi da roba a kafaɗa, ka tsai da shi, ka faɗa wa iyayensa. Ɗa na kowa ne. Kada ka yi shiru irin wanda na yi.

Yaron nan yana aji biyar yanzu. Kowace safiya in na ji an kira sunansa ya amsa, sai in gode wa Allah saboda jinƙansa.

Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku, ku da 'ya'yanku. Sai wata mai zuwa, in ya yarda.

Naku cikin Kristi,
Malamin Makaranta