Kofin El-Kanemi, da tambayar da ya bar mana a Difa

Ranar 29 ga watan Yuni 2024, a Legas, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke Abia Warriors da ci 2 da nema, ta ɗauki kofin ƙalubale na Najeriya. Rabonta da shi tun 1992. Abin ma da ya fi daɗi, a lokacin tana rukuni na biyu: ta faɗo a 2023, cikin kaka guda ta koma sama, ga kofi a hannu.

Mun san wasu za su ce ina ruwanmu da ekip ɗin wata ƙasa. To ai Borno ba nesa ba ce, Komadugu ce kawai tsakaninmu, kuma masifar da ta same su ita ta same mu. Lokacin da Boko Haram ta yi tsanani, ƴan wasan nan sun bar filinsu na Maiduguri, suna buga wasannin "gida" a Kano da Katsina, babu ƴan kallonsu. Amma ekip ɗin ba ta watse ba, don ta gwamnatin jihar Borno ce, kuma gwamnatin ba ta sake ta ba. A ganinmu nan kofin 2024 ya faro.

Yanzu mu dubi namu ɓangaren. Duk wanda ke bin gasar ƙwallon Nijar ya san masu cin kasuwarta: AS FAN ta sojoji, AS GNN ta gardi, ta jandarma, ta ƴan sanda, ta duwan, dukansu a Yamai. Kowace tana da hukumar da ke ɗaukar nauyinta. Mu kuwa daga Difa zuwa Yamai ya haura kilomita 1,300. Kuɗin mota kaɗai, zuwa da dawowa na mutum ashirin, ya isa ya kashe ekip ɗin da ta dogara da aljihun ɗan kasuwa guda, balle a shekarar da barkono bai yi ba.

Kuma wallahi ba ƴan wasa muka rasa ba. Ku je Maine, Bosso, Ngigmi, ko nan Fulatari da la'asar, ku ga yara ba takalmi a kan rairayi. Tun Fabrairun 2015 aka sa jiharmu dokar ta-ɓaci, wasu cikinsu ba su san wata rayuwa ba sai ita. Ana ta taro a kan matasa da zaman lafiya, a ci abinci, a raba riguna, a watse.

Shawararmu ga gwamnan jiha da magadan gari: a zaɓi ekip ɗaya ta jihar Difa, a sa mata kaso a kasafin kuɗi na kowace shekara, a rubuce, da bas ɗinta. Ƴan wasa a ɗebo su daga gasar kananan hukumomi, Fulatari ma a ba ta ranarta.