Intanet a Zangon Kumasi: Wa ke duba mudun kamfanonin waya?

Duk wanda ya tashi a Zangon Kumasi ya san cewa akwai laifin da kasuwa ba ta yafewa, wato tauye mudu. Mai sayar da shinkafa a Aboabo ko Asawase, in aka gane ta lotsa gindin gwangwanin awonta, to ta yi ban-kwana da masu ciniki, kuma labarinta zai riga ta isa gida. Gidan man da ya taɓa famfonsa, akwai hukumar kula da ma'auni ta ƙasa da ke zuwa da garwarta ta auna, ta garƙame wurin in ta sami maguɗi. Malamanmu kuwa tun muna makarantar allo suke tsoratar da mu da Suratul Muɗaffifina. Amma ga wata haja da kusan kowane gida ke saye kullum ta Allah, wato data, ba wanda ke ganin mudunta, balle ya ce an cika ko an tauye.

Mai karatu, ɗaga kai ka dubi allunan talla daga Kejetia har zuwa Asokore Mampong, ko ka buɗe rediyo. Kowane kamfani cewa yake yi nasa ne mai sauri, nasa ne ya karaɗe ko'ina. Sai ka sayi data, ka koma ɗakinka a Sawaba ko Akwatia Line ko Sabon Zongo, ka jira a idar da sallar isha'i. A saman waya ga alamar 4G nan raɗau, sandunan sabis a cike, amma saƙon murya na daƙiƙa talatin sai ya yi ta juyi kamar mai neman hanyar Salaga. Shi ya sa za ka ga samari tsaye a bakin kwata da tsakar dare, kowa ya ɗaga waya sama kamar masu duban wata.

Da a ce wahalar ta tsaya a kan masu kallon ƙwallo da wasan kwaikwayo ne, da ban ɓata tawada ba. Zango gari ne na fatake. Kakanninmu goro ne ya kawo su ƙasar Asante, kuma har gobe cinikin nesa ne ke riƙe da gidaje da yawa. Dillalin albasa yana son ya ga hoton kayan da aka loda masa daga Nijar kafin ya tura kuɗi. Mai shanu yana jiran labari daga kan iyakar Burkina. Tsohuwa tana jiran kiran bidiyo daga ɗanta da ke Saudiyya ko Italiya, wanda shi ne ke biyan kuɗin maganinta. Tun da aka fara tura kuɗi ta waya a Gana a 2009, har mai koko da ƙosai ta koma karɓar MoMo, kuma ba abin da ke haddasa rigima a bakin rumfa kamar a cire wa mai saye kuɗi, mai sayarwa kuma ta ce ba ta ga komai ba. Ɗalibanmu ma ta waya suke duba sakamakon jarrabawa da makarantar da aka tura su, su kuma cike takardun jami'a kafin a rufe. Duk wanda sabis ya yanke masa a irin wannan lokaci, asara ya yi ta gaske.

To ina matsalar take? Saurin da ake bugawa a talla shi ne mafi ƙololuwar abin da na'ura za ta iya bayarwa in mutum ɗaya ne a kusa da ƙarfen sabis, ba bango a tsakaninsu. Shi ya sa suke saƙala kalmar "har zuwa" da ƙananan baƙaƙe. Shi kuwa ƙarfen sabis kamar famfon unguwa yake, ruwan da ke cikin bututun raba shi ake yi tsakanin duk wanda ya kawo bokiti. A unguwannin masu hali, inda gida guda ke da mutum biyar da fili mai faɗi, kowa zai sha ya ƙoshi. A Zango, inda gida ɗaya na haya ke iya ɗaukar iyali goma, kowa da wayarsa, ƙarfe ɗaya ne dubban mutane ke rububi a kansa a sa'a guda. Ga gidaje a manne da juna, ga rufin kwano da ke tare sigina. Sandunan da kake gani a waya ƙarfin siginar kawai suke nunawa, ba su faɗa maka mutum nawa ne a gabanka a layi. Akwai ma wata dabarar lissafi da ba kowa ya sani ba: da megabit ake tallan sauri, da megabait kuma ake sayar da data, alhali megabit 8 ne ke yin megabait 1. Injiniyoyin kamfanonin sun san duk wannan sarai, kuma kwamfutocinsu suna nuna musu ƙarfen da ya cika ya batse a kowane dare. Ba makaho suke yi wa jagora ba, sun ga ramin.

Gaskiya ɗaya ce, su ma kamfanonin suna da nasu kukan, kuma ba duka ne ƙarya ba. Ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta Gana ta ce a 2024 kaɗai an tsinka wayoyin faiba da ke binne a ƙasa sama da sau 5,600, akasari saboda aikin hanya da gine-gine, ga kuma masu haƙar zinariya ta haramtacciyar hanya da suka addabi wannan yanki namu. Ba mu manta da ranar 14 ga Maris 2024 ba, cikin azumi, da manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasa ta kwana cikin duhun sadarwa. Wutar lantarki ma ba ta da tabbas, kayan aiki da dala ake sayo su, Sidi kuma ta sha ƙasa a 2022. Mu ma da namu laifin, domin akan sami unguwar da za ta tashi haiƙan ta hana a kafa ƙarfe saboda tsoron cuta, gobe kuma ita ce a gaba wajen tsine wa sabis. Na yarda da duk wannan. Sai dai mai goron da ruwa ya ɓata wa huhu ba ya sayar da shi a farashin mai kyau, yakan faɗa wa mai saye gaskiya ya yi masa ragi. Kamfanin waya kuwa ko sabis ya ɗauke kwana biyu, ba kasafai ranar ƙarewar datarka ke matsawa ba.

Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ita ce doka ta ɗora wa alhakin riƙe ma'aunin. Gwamnati kuma ba kyauta ta ba da iskar nan ba. MTN ya biya Dala miliyan 67.5 a ƙarshen 2015 don samun lasin 4G, Vodafone, wanda ya koma Telecel a 2024, ya biya Dala miliyan 30 a ƙarshen 2018. Duk waɗannan kuɗaɗe daga aljihunmu ake fanshe su, ban da harajin sadarwa da ake cira a kan kowane kati tun 2008. A Nuwamban 2018 hukumar ta ci tarar kamfanoni huɗu Sidi miliyan 34 saboda rashin ingancin aiki, aka yi ta tafi. Amma dubi lissafin: kason MTN bai wuce Sidi miliyan 9 da 'yan kai ba, a shekarar da kuɗin shigarsa ya haura Sidi biliyan 4. Wannan ai cizon sauro ne ga giwa. Kuma ko kwabo daga cikin tarar bai dawo hannun mutumin Aboabo da aka ci wa data ba.

Wani zai ce ai kasuwa ce, in ba ka ji daɗi ba ka sauya layi, tunda tun 2011 an ba mu damar ƙaura da lambarmu daga wannan kamfani zuwa wancan. Ka koma ina? A 2020 NCA da kanta ta ayyana MTN a matsayin kamfanin da ya yi wa kasuwa kaka-gida. Glo ya tattara ya bar fagen. AirtelTigo, da gwamnati ta karɓa a 2021 aka sake masa suna AT, bashi ya yi masa katutu har a Satumban 2025 aka ɗora masu amfani da shi a kan na'urorin Telecel. In rijiya biyu ce kawai a gari, mai rijiya ba ya tsoron fushin mai guga. Abin da akasarinmu ke yi shi ne riƙe layi biyu, ana biyan kuɗi sau biyu don samun aikin da ɗaya ya yi alkawari.

Ita gwamnati ma ba a bar ta a baya ba wajen zuƙi-ta-malle. Ranar 1 ga Nuwamba 2024, saura 'yan makonni zaɓe, aka yi gagarumin biki a Akra, wadda iyayenmu ke kira Ankara, aka ce an ƙaddamar da 5G, kuma Kumasi na cikin biranen farko da za su fara mora. Aka sha kiɗa aka watse. Har tsakiyar 2025 sabon ministan sadarwa, Samuel Nartey George, yana gindaya wa kamfanin da aka bai wa lasin wa'adi a kan ya fara aiki. In uwa ta yi tallan abin da babu, da wane baki za ta tsawata wa 'ya'ya?

Ba zan hana a yaba inda aka yi abin kirki ba. Daga 1 ga Yulin 2025 an ƙara yawan datar da ake samu a kan kuɗi ɗaya, kashi 15 cikin ɗari a MTN, kashi 10 a Telecel da AT. A farkon 2026 kuma NCA ta ƙara tsaurara ƙa'idojin ingancin aiki, ciki har da ɗaga mafi ƙarancin saurin da ta amince da shi a kan 3G zuwa sama da megabit 1. Madalla. Sai dai ƙarin data ga mutumin da ba ya iya amfani da ita kafin ta ƙare, tamkar ƙara wa mai ciwon haƙori nama ne. Kuma ƙa'ida a takarda ba ta auna kanta. Motar hukuma da ke bin titin Adum da rana tsaka tana gwaji ba za ta taɓa sanin halin da ake ciki a ƙuryar ɗaki a Sawaba da ƙarfe tara na dare ba.

Wasu ƙasashen sun kama bakin zaren daga wajen tallan. A Ingila, tun 2018 aka hana masu sayar da intanet na gida buga sauri da "har zuwa", sai dai su faɗi saurin da aƙalla rabin masu hulɗa da su ke samu a lokacin cunkoso na dare. A Ostareliya, kotu ta ci manyan kamfanoni uku tarar sama da Dalar ƙasar miliyan 33 a 2022 saboda sun yaudari jama'a a kan sauri. Ba abin da zai hana a yi wa intanet na waya irin wannan doka a Gana, a kuma tilasta wa kamfani ya tsawaita wa'adin data gwargwadon sa'o'in da sabis ya ɗauke, ba tare da an je an roƙe shi ba.

NCA tana da ofishi a nan Kumasi. Kirana ga fadar Sarkin Zango da limaman Juma'a da 'yan majalisar ƙaramar hukumar Asokore Mampong da ɗan majalisa mai wakiltar Asawase shi ne su rubuta mata takarda guda, su nemi ta shigo lungunanmu ta yi gwaji tsakanin magariba da ƙarfe goma na dare, a cikin ɗakuna, tsawon mako guda. Sakamakon kuma a fitar da shi unguwa-unguwa da sunan kowane kamfani, a karanta shi da Hausa a gidajen rediyonmu. Inda aka ga sai an ƙara ƙarfe, shugabannin unguwa su zauna da masu gidaje a samar da fili, a kuma sa wa kamfanin ranar da zai kammala aikin.