Teɓa ba lambar girma ba ce

A ƙasar da sunanta ya daɗe yana tafiya tare da labarin fari da ƙarancin cimaka, maganar rage ƙiba tana iya kama da izgili. Mutanen Maraɗi ba su manta da shekarar 2005 ba, lokacin da uwaye suka riƙa yin layi da ƴaƴansu a ƙofar cibiyoyin kula da yara masu tamowa. Amma duk wanda ya zauna bakin babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko ya tsaya ƙofar wata ma'aikata a Yamai lokacin tashi daga aiki, zai ga wata cutar tana tafe cikin shadda da babbar riga, ana gaishe ta da girmamawa. Cutar nan ita ce ƙiba mai yawa, kuma a birane ta fi samun wurin zama a jikin ƴan kasuwa da ma'aikata, wato mutanen da gidaje da dama ke rataye a wuyansu.

Abin ya game duniya. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum 1 cikin 8 yana ɗauke da ƙibar da ta kai matsayin cuta, kuma yawan manya masu irin wannan ƙiba ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Ƙiba ce ke share hanya ga hawan jini, da ciwon sukari, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon gwiwa. A ƙasa mai arziki inshora na ɗaukar wani kaso na kuɗin jinya. A Nijar kuwa, galibi aljihun majiyyaci da na danginsa ne ke biya, wata bayan wata, har jari ya narke ko albashi ya ƙare a farmasi.

Yadda teɓa ke tsirowa ba ɓoyayye ba ne. Kakannin alhazan yau fatake ne da suka riƙa taka ƙasa har Gwanja neman goro, ko manoma masu yini da hauya. Sun ci tuwo sun ƙoshi, aiki ya ƙone shi. Jikan nasu yana fita daga gida cikin mota ko bisa moto, ya yini kan kujerar biro ko tabarmar shago, yaro ke yi masa aike ko da na taku goma ne. Da safe burodi da shayi mai madara, da rana shinkafa tana iyo cikin mai, da la'asar balangu, da dare tuwo, tsakani kuma shayi hawa uku mai kaurin sukari da lemon kwalba na karɓar baƙi. Akushin ya ƙaru, aikin ƙarfi ya tafi.

Sai dai babban abin da ke hana mutane rage jiki shi ne kunya da tsoron bakin jama'a. Ɗan kasuwar da kumatunsa suka faɗa, kafin mako ya zagayo an fara raɗa cewa ya karye, masu ba shi kaya bashi su soma ja da baya. Ma'aikacin da aka gani yana tafiya biro da ƙafa, sai a ce motar ta mutu ko bashi ya ci ta. Tun shekarun 1990, lokacin da sida ta firgita birane, rama ta zama abin zargi, kuma wannan tabo bai gama gogewa ba. Mata sun fi shan wahala: amaryar da ba ta yi jiki ba, mijinta ake zagi da rowa. Shi ya sa wasu ke sayen ƙwayoyin sa ƙiba a hannun masu tallan magani a tire, irin su dexamethasone, maganin da aka yi don wasu cututtuka dabam, wanda shan sa barkatai ke kumbura fuska, ya hau da jini da sukari, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Al'ummar da ke auna arzikin mutum da faɗin cikinsa tana tura shi gidan likita da kirari.

Ma'auni na gaskiya yana da sauƙi. Ana raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau biyu. Wanda sakamakonsa ya kai 25 nauyinsa ya wuce kima, wanda ya kai 30 ya shiga sahun masu ƙiba. Magidanci mai tsawon mita 1,70 da nauyin kilo 90 yana da 31. Igiyar awo ta tela ma ta isa shaida: ƙugun da ya wuce santimita 102 ga namiji, ko 88 ga mace, alamar haɗari ce babba.

Ba a kuma neman kowa ya koma jikin samartaka. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, wato kilo 4,5 zuwa 9 ga magidancin da aka ambata, yana sauko da jini da sukari a fili. Wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutane fiye da 3000 da ke gab da kamuwa da ciwon sukari, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya nuna cewa waɗanda aka ɗora kan gyaran cimaka da tafiyar minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin 100, alhali masu shan ƙwayar metformine sun rage shi da kashi 31. Akushi da ƙafa sun fi ƙwaya aiki.

Tsakanin biyun, akushi ne kan gaba. Tafiyar rabin awa da sauri tana ƙone kalori kimanin 150, kwalbar lemo ɗaya ta santilita 33 kuwa tana ɗauke da sukari kusan giram 35, wato wajen ƙwaya 7, ta maido da kusan duk abin da aka ƙone. Cokalin mai babba ɗaya kalori 120 ne. OMS tana shawartar babba kada ya wuce giram 50 na sukari a yini, gishiri kuma ƙasa da giram 5, kuma dunƙulen ɗanɗano da ake zubawa cikin miya gishiri ne mafi yawansa. Gyaran bai buƙatar cimakar Turai. Wake, da zogale, da kuka, da kuɓewa, da kifi, da tuwon hatsi daidai ciki, da fura marar sukari, duk suna kasuwa. Malamai ma sun daɗe suna karantar da cewa a raba ciki uku, a bar wa ruwa da numfashi rabonsu.

Amfanin ƙafa shi ne tsare zuciya da hana nauyin da aka zubar dawowa. Minti 30 sau biyar a mako ya cika ƙa'ida. A ƙasar da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, lokacin da ya dace shi ne bayan sallar asuba ko bayan faɗuwar rana. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya fara ganin lokotoro kafin ya soma. Sannu ba ta hana zuwa: rabin kilo a mako ya wadatar.

Masu gaggawa su ne abincin ƴan damfara. Shayin rage teɓa da jiƙe-jiƙen da ake tallatawa a tasha da wayoyin salula yawanci masu sa gudawa ne ko yawan fitsari. Ruwa suke fitarwa, kitse na nan zaune. Allurar semaglutide da aka amince da ita a Amurka don rage ƙiba a 2021 tana aiki da gaske, amma tana da tsada, sai da kulawar lokotoro, kuma bincike ya nuna yawancin nauyin na dawowa cikin shekara guda bayan an daina ta.

Hukuma ma tana da nata kaso. Ba a cewa mutum ya yi tafiya a titin da babu gefen masu ƙafa, babu fitila, babu inuwa. Harabar filin wasa na Seyni Kountché a Yamai, inda maza da mata ke zagaye safe da yamma, ta nuna cewa in aka samu wuri mutane za su fito. Magadan gari na Maraɗi da Damagaram da Tawa suna iya keɓe irin wannan wuri su tsare shi daga masu yanka filaye. Meziko ta sa haraji kan lemon sukari a 2014, Nijeriya ta fara karɓar naira 10 kan kowace lita a 2022. Babu abin da ya hana Nijar duba wannan hanya, a zuba kuɗin cikin awon jini da na sukari a ƙananan gidajen likita. Sayar da ƙwayoyin ƙiba a tire kuwa, aikin hana shi na hukuma ne tun jiya.

Amma doka ba ta kashe kunya. Manya ne ke kashe ta. Ranar da aka ga babban alhaji ko shugaban ma'aikata yana taka ƙasa da asuba, ya kuma karɓi baƙonsa da ruwan sanyi maimakon kwalba, ranar ce yaran shago da ƙananan ma'aikata za su daina ɗaukar rama a matsayin karaya. Wanda ya rage jiki da niyya, barka ta dace da shi, ba jaje ba.